Kawun da Ya Auna Mini Tafiya

Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Talata da hantsi a gidansa da ke Makama, cikin Yola, bayan jinyar wata biyu. Ya haura tamanin, ko da yake bai taɓa yarda da shekarun da aka rubuta masa a takardar fansho ba.

A kwana ukun zaman makoki na ga mutanen da ban san Kawu ya sani ba. Mai ƙosan bakin hanyar Mbamba ta zo ta durƙusa nesa da tabarmar maza, ta ce, "Ni yanzu da me zan san lokaci? In ya wuce in ɗora mai, in ya dawo in kwashe na farko." Tsofaffin abokan aikinsa na ofishin safiyo suka zo su uku. Ɗayansu ya ce, "Mutumin nan ya taɓa sa mu sake awon gona sau uku cikin rana saboda taku biyu." Ya fara dariya, sai dariyar ta ƙi ƙarewa daidai, ya rufe fuska da hannun riga.

Amininsa kuwa, malamin firamare mai ritaya, Kirista mutumin Numan da kowa ke kira Ticha, a bakin tabarma ya zauna da hularsa a gwiwa. In ana addu'a sai ya sunkuyar da kai. Rana ta uku na raka shi bakin hanya.

"Tela," ya ce mini, "shekara ashirin muna fita da safe, tsohon nan bai taɓa wuce ni da taku ɗaya ba. Yanzu ya wuce, ko waiwaye babu."

Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, hannuna kuma har yanzu ba ya sauri. Amma na ga kowa ya zo da guntun Kawu a bakinsa ya tafi da shi gida. Na ji tsoron in ban rubuta nawa guntun ba, wata rana zan neme shi in rasa.

Ni tela ne, a da a Mubi nake da shago. Shekarar da masu bindiga suka shigo gari, da ƙafa muka fita, ni da matata da 'ya'yanmu huɗu. Kwana huɗu muna bin duwatsu da gonakin mutane kafin mu sami mota. Da muka iso Makama mun tarar wasu dangin sun riga mu. Kawu bai tambaye mu komai ba. Ya dube mu, ya dubi tsakar gidansa, sai ya fara takawa daga bango zuwa bango yana ƙirga a hankali. Ya kafa sandarsa a ƙasa ya ce, "Taku shida nan naku ne. A kawo zana." Kafin la'asar muna da ɗaki.

Sandar nan ita ma abin faɗi ce. Guntuwar sandar awo ce mai fentin ja da fari, ta zamanin da yake jan sarkar safiyo a dazukan Fufore da Song. Aikin ya shiga jikinsa har bakinsa. Kawu ba ya cewa wuri yana kusa ko yana nesa. In ka ce masa kasuwa ba nisa, sai ya ce, "Ba nisa a ƙafar wa?"

Da ƙura ta lafa na koma Mubi na tarar shago ya ƙone. Kan keken ɗinkina kaɗai na tono daga toka. Aka gyara shi, na samo masa ƙafafu da feda, na kafa rumfa a ƙofar gidan Kawu. Shekara biyar ina zaune a kan keken nan daga safe har magariba. Ba na zuwa ko'ina. An ce mini jinina ya hau, na sha magani mako biyu na bari. Wata safiya almakashi ya faɗi daga hannuna, na sunkuya in ɗauka, ban tashi ba sai a asibiti a Jimeta. Ɓarin jikina na hagu ya shanye.

Hannu ya dawo da wuri, amma ƙafa ta ƙi. Keken feda kuwa da ƙafa biyu ake tuƙa shi, ɗaya gaba ɗaya baya. Tela marar ƙafa mai zaman rumfa ne kawai. Yayana, wanda ke sayar da kayan gini a Jimeta, ya zo ya ce a sayar da keken a kafa mini tebur in riƙa sayar da ashana da sabulu daga zaune. Don tausayi ya faɗa, na sani.

Kawu ya saurare shi har ya gama. Sai ya tashi ya kwance kan keken da hannunsa, ya rungume shi ya kai ɗakinsa, ya tura ƙarƙashin gado. Ya dawo yana haki.

"Keke yana hannuna," ya ce. "Ba na sayarwa, ba na bayarwa. Ranar da mai shi ya kai falwaya ta ashirin a hanyar Mbamba ya dawo da ƙafarsa, zan fito da shi."

"Kawu, mutumin da bayan gida ma sai an riƙe shi?" in ji yayana.

"Ai ban ce gobe ba."

Ashirin ɗin nan ba daga kansa ya ƙago ta ba. Ya bi ni wurin ma'aikaciyar gashin ƙashi a asibiti, ya tsare ta da tambaya kamar mai sayen fili. Tafiya nawa? Sau nawa a mako? Da me za a gane ta yi yawa? Ta ce kaɗan-kaɗan kullum, kada in kai ga haki, kuma kada in sake wasa da maganin hawan jini. Da muka dawo ya fita shi kaɗai ya taka tsakanin falwayoyin lantarki, ya tarar taku sittin ne nasa daga wannan zuwa waccan.

Ranar farko, bayan sallar asuba, na ji tarinsa a bakin zanarmu. Ya tsinci jan ƙyalle a cikin ragowar yadina ya ɗaura a falwaya ta farko, wadda daga zaure ma ana ganinta. Na ja ƙafa na isa, na taɓa ta, na dubi ta biyu.

"Juya," ya ce.

"Kawu, ai ban gaji ba."

"Shi ya sa. Wanda ya gaji da me zai koma gida? Zuwa rabin awo ne."

Haka muka yi kwana shida, Juma'a hutu. Ranar Asabar ya kwance ƙyallen ya mayar falwaya ta biyu. Asabar kaɗai ƙyallen ke motsawa, kuma falwaya ɗaya tak. In makon bai yi kyau ba sai ya bar shi a inda yake.

Ba ya barina in yi tafiyar shiru. Sai ya ce, "Faɗa mini yadda ake yanka wuyan jamfa." In na fara bayani numfashi ya yanke mini magana a tsakiya, sai ya rage sauri. Ta haka yake auna zuciyata. Har ya rasu ya san yankan jamfa da kaftani da wando a baki, ko allura bai iya riƙewa ba.

Daga falwaya ta huɗu Ticha ya fara haɗuwa da mu, da farin takalmin kambas ɗinsa. Ya dubi ƙyallen ya dube ni.

"Safiyo, ka mai da ɗan ƙanwarka filin gwamnati ne? Saura ka buga masa lamba a goshi."

"Kai da ka yi shekara talatin kana koya wa yara baƙi ɗaya-ɗaya, yau ka zama mai gaggawa?"

"Matata ta ce ku biyu kamar masu raka amarya kuke tafiya."

"Ka gaya mata amaryar za ta isa."

Akwai safiyar da aka kwana ana ruwa, ƙafar ta yi nauyi kamar an cika ta da yashi. Na ce yau kam a bar ni. Kawu ya tsaya a bakin zana da buhu a kansa ya ce, "Falwaya ɗaya. Don kada ƙafa ta manta hanya." Muka je muka dawo, ya sa Goggo, matarsa, ta dama mini kunun gyaɗa. Akwai kuma safiyar da na tashi garau na roƙe shi mu ƙara ko ɗaya. Ya ƙi. Ya ce ranar da jiki ya yi daɗi ita ce ranar da ya fi yi wa mutum ƙarya.

Ban yarda ba sai da na gwada. Muna kan falwaya ta tara, Kawu ya tafi suna Girei zai kwana biyu. Azumi ya kusa, ina zaune ina kallon mutanen da na saba yi wa ɗinki suna wucewa da yadi a hammata zuwa wurin wasu teloli. Wasu su gaishe ni, wasu su kau da kai don kunya. Da safe na fita ni kaɗai. Na wuce jan ƙyallen ban dube shi ba. Na ce a raina, yau zan kai ashirin, Kawu ya dawo ya tarar magana ta ƙare. Na kai ashirin ɗin kuwa. Sai na ce bari in ƙara don kada a yi gardama. Ban san inda na daina ƙirga ba. Na dai san na fara hango fadamun shinkafa na wajen Njuwa, rana ta ɗaga, ƙafar ta daina jin maganata. Na faɗi a kan gwiwa a bakin wata kwata. Masu lambu ne suka dawo da ni gida a cikin baro, a kan buhunan alayyafo.

Mako uku na yi a kwance da kumburarriyar gwiwa. Kawu yana zuwa kullum ya dubi gwiwar, ya tambayi matata ko na sha magani, ya fita. Ranar da na iya miƙewa na leƙa waje, sai na ga jan ƙyallen a falwaya ta farko.

Abin da na yi ranar nan ina jin kunyarsa har yau, amma in na ɓoye shi na rage wa Kawu haƙƙinsa. Na same shi a zaure yana shan shayinsa marar sukari.

"Kawu, wasa kuke yi da ni? Wata huɗu ya tafi a banza ke nan?"

"Ba ni na kai shi Njuwa ba."

"Ni da na tako daga Mubi kwana huɗu da yaro a wuya, ni za a riƙa ɗaura wa tsumma kamar akuya?"

Ya ajiye kofin. "Ba ƙafarka ce ta kawo ka daga Mubi ba, tsoro ne. Tsoro kuwa ba ya zuwa aiki kullum. Ni ƙafar da za ta zo aiki kullum nake nema maka."

"Ku dai kuna jin daɗin ganina a ƙarƙashinku. Ku ba ni kekena in bar muku gidanku."

Sai ya tashi ya shiga ciki, ya fito rungume da kan keken, ya dire shi a gabana.

"Ga shi. Ɗauki."

Na sunkuya na kama. Na ɗaga shi kamar tsawon tafin hannu, ƙafar ta fara rawa, na sake shi. Na sake gwadawa. Kawu yana tsaye, bai taimake ni ba, bai kuma yi dariya ba. Da na zauna a ƙasa na rufe fuska, sai ya ɗauki abinsa ya mayar ɗaki. Goggo ta gaya mini daga baya ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Washegari na ji tarin nan a bakin zana. Na fito na ce, "Kawu, ku yafe mini." Ya ce, "Ɗaure igiyar takalminka." A hanyar falwaya ta farko ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Yana saurayi a wurin aiki, ya taɓa kafa turke a inda ba daidai ba a gonar wasu 'yan'uwa biyu. Ya gane kuskuren da rana, amma sun riga sun yi nisa, ya ji ƙyuyar komawa, ya yi shiru. Shekaru bayan nan ya ji 'yan'uwan ba sa gaisawa saboda iyakar.

"Tun daga ranar," ya ce, "in awo ya ɓaci, ina komawa turken da na tabbata da shi. Ba horo nake maka ba. Nan ne kawai na tabbata."

Wannan karon ban roƙi ƙari ba. Muka bi falwayoyin ɗaya-ɗaya, damina ta wuce, zafin Yola ya zo ya same mu a hanya, muka riƙa fita da goran ruwa. Wandona ya fara yi mini yawa. Ma'aikaciyar asibiti ta auna jinina ta dubi Kawu ta ce, "Baba, ko za mu ɗauke ka aiki?" Shekara ɗaya da wata biyar bayan faɗuwata ta farko na ɗora hannu a falwaya ta ashirin. Ticha ya cire hula yana kaɗawa, mai ƙosai ta rangaɗa guɗa. Kawu ya ce, "Juya."

Da muka iso gida keken yana cikin rumfa a kan ƙafafunsa, an shafe shi da mai, an sa sabon bel. Na zauna, na miƙa hannu ga zare. Kawu ya ɗora sandarsa a kan teburin.

"Mako biyu ba zare. Feda kawai."

Bayan nan ya yanka mini sabon awo: dogon ɗinki biyu, sai in sauke ƙafa in huta har rawar ta tsaya, kuma da hantsi in rufe keke. Tafiyar safe tana nan, ba a fasa ba. Sai dai mutane ba su dawo ba. Faci suke kawo mini, da rage tsawon wandon makaranta. Wa zai ba sabuwar shaddarsa ga telan da ke hutawa a tsakiyar ɗinki? Yayana ma da ya zo ya ga ina ɗinki, ya yi murna, amma kayan sallarsa a Jimeta ya ba da. Na yi wa Kawu ƙorafi. Ya ce, "Su ma awo suke yi. Bar su su gama."

Da ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce a riƙa tayar da shi yana ɗan takawa. Ni na karɓi aikin. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki, daga baya zuwa zaure. A nan na gane malamin bai fi ɗalibinsa haƙuri ba. Wata Juma'a muka kai zaure, ya ji ana kiran salla, ya ja hannuna zuwa waje.

"Masallaci taku tamanin ne kawai."

"Kawu, juya."

Ya dube ni ta gefen ido. "Wa ya koya maka wannan muguntar?"

Ya juya ɗin, yana dariya yana tari. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ya cika.

Aka ce da azahar za a yi jana'iza. Aka sayo alawayyo na likkafani, yayana ya naɗe shi zai ba mai babur ya kai wa wani tela mai keken lantarki. Ina zaune a rumfa ina kallo. Sai muka ji muryar Goggo daga bayan labulen zaure, ita da ba a jin muryarta a waje.

"Ina za a kai?"

"Kasuwa, Goggo. Yanzu za a dawo da shi."

"Akwai tela a ƙofar gidan nan."

"Goggo, lokaci ya ƙure, ga kuma ƙafarsa."

"Shi wanda ake yi dominsa bai taɓa gaggawa ba. A ba ɗan ƙanwarsa."

Yayana ya ajiye farin yadin a kan teburina. Ban nemi tsawon Kawu wurin kowa ba, shekara nawa ina tafiya a gefensa. Na yanka, na haɗa faɗi biyu, na taka feda. Ɗinki na farko ya tafi santal. Na biyu ma haka. Sai ƙafar ta fara 'yar rawar nan da na sani. Maza sun cika ƙofar gida, masu wanka suna jira, ina jin idanu a bayana. Raina ya ce in danne in wuce. Na sauke ƙafar daga feda, na ɗora hannuwa a gwiwa.

"Me ya faru?" in ji yayana. "Keken ne?"

"Hutu ne."

"Hutu? Yanzu?"

Ticha ya taso daga inda yake ya tsaya tsakaninmu. "Alhaji, bar shi. Haka ake yi."

Sau uku na huta kafin in gama. Na yanke zaren ƙarshe, na ninke likkafanin na miƙa, ladan bai ko taɓa lasifika ba tukuna. Liman ya warware ya duba ɗinkin ya gyaɗa kai.

Na so in bi makara da ƙafa har maƙabarta. Da na miƙe bayan salla na san na riga na kashe ƙafar ranar a kan feda. Na shiga keke mai ƙafa uku tare da Ticha, shi ya tsaya a bakin ƙofar maƙabarta, ni na taka zuwa kabari na zuba ƙasata.

Bayan sadakar bakwai, na dawo daga tafiyar safe ina share rumfa, sai ga motar yayana. Ya fito da leda ya ajiye a kan teburin keke. Shadda ce ruwan toka, sabuwa, ko ninkinta ba a warware ba. Ya ƙi haɗa ido da ni.

"Jamfa da wando," ya ce. "Ba na sauri."

Na ɗauko tef na ce ya ɗaga hannu.

Allah Ka jiƙan Kawu. Ka yalwata masa kabarinsa iyakar ganin ido, Ka yafe masa turken nan ɗaya da ya kafa ba daidai ba, Ka ba Goggo haƙurin rashinsa. Mu da ya bari a hanya, Ka kai mu gida da ƙafafunmu. Amin.